Masu renon ƴaƴan mage a ƙasar Faransa

  Kowa ya jawo kayensa da alƙalaminsa kusa, don hirarmu ta yau akwai ɗan lissafi cikinta.

Yau za mu yi magana bisa mage. Wasu kyanwa suke ce mata, wasu mussa. Kowa ya san amfaninta: gidan da ke da mage, kusu ba ya sakewa cikin rumbu. Amma ba maganar rumbu za mu yi ba. Za mu tafi ƙasar Faransa, mu ga wasu mutane da suka ɗora ma kansu wani aiki. Sukan karɓi ƴaƴan mage da ba su da uwa, su rene su cikin gidajensu, har su samo musu masu riƙo. Na san wani zai yi dariya, ya ce: mutum bai gama da cikin iyalinsa ba, ina shi ina renon mage? Ku yi haƙuri ku saurara. Ko ba za ku yi wannan aiki ba, makiyayi da uwar gida za su ƙaru da wani abu a ciki.

Mu fara da lokacin haihuwa. A nan ƙasarmu tsawon yini ba ya canzawa da yawa. A Yamai, yini mafi gajarta ya ɗan wuce awa 11, mafi tsawo bai kai awa 13 ba. A birnin Pari ba haka ba ne. Cikin watan Disamba rana takan yi wajen awa 8 a sama, ta faɗi. Cikin watan Yuni kuwa sai ta yi awa 16. To, jikin mage yana bin hasken rana. In yini ya gajarce, ba ta biɗar muzuru. In yini ya fara tsawo, wajen watan Janairu ko Fabrairu, sai ta shiga biɗa. Cikinta wata biyu ne da ƴan kwanaki, kwana 63 zuwa 65. Ku ƙidaya da yatsu, za ku faɗa watan Afirilu. Daga nan har watan Oktoba haihuwa ake ta yi. A wurinmu mage tana iya haihuwa kusan kowane wata, shi ya sa ba mu lura. A can kuwa, magunan ƙasa tare suke haihuwa, kamar yadda hatsi ke nuna tare in kaka ta yi. Shi ake kira lokacin ƴaƴan mage.

Su wa ke karɓar waɗanda ba su da mai su? Akwai babbar ƙungiya ta kare bisashe, sunanta SPA. An kafa ta a Pari a shekara ta 1845, saboda azabar da ake gwada ma dawaki masu jan kaya a wancan zamani. Tana da gidajen ajiye bisashe sama da 60 cikin ƙasar. Amma gidajen nan da wuri suke cika. Abin da ke ƙara cika su, watan Yuli da watan Agusta lokacin hutu ne a Faransa. Mutane da yawa sukan rufe gida su tafi bakin teku, wasu marasa tausayi su yar da kare ko mage bisa hanya. Ga haihuwa, ga yasassu, duk lokaci guda. Kuma babban gida ma'aikata gare shi, masu tashi daga aiki da marece. Ɗan mage na kwana uku bai san an tashi daga aiki ba. Tsakar dare ma nono yake so.

Don haka nauyin jarirai yakan faɗa bisa ƙananan ƙungiyoyi. A Faransa akwai wata doka ta shekara ta 1901: mutum biyu ma sun isa su kafa ƙungiya, su kai sunanta wurin hukuma. Da yawa cikin waɗannan ƙungiyoyi ba su da gini, ba su da ma'aikaci ko ɗaya. Abin da gare su, ƴan gidaje ne na masu sa kai: malamar lakkol, tsohon da ya bar aiki, mai tsaron kanti. Kowa ya ware ɗaki guda, ko ɗakin wanka ma, ya ajiye ƴaƴan. Ba wanda ake biya ko dala.

Mu ɗauka ga ɗaya daga cikinsu, mace ce, tana da aikinta da take zuwa kullum da safe. Aka kawo mata kwali, ciki ƴaƴan mage biyar, idonsu bai buɗe ba. Me za ta fara yi? Kun ce ta ba su nono? A'a. Taɓa su za ta fara yi, ta ji ɗumin jikinsu. Ɗan mage ba ya iya ɗumama kansa sai ya yi wajen sati huɗu. Jikin uwarsa shi ne murhunsa. In ya yi sanyi, cikinsa ba ya narkar da komi, nonon da aka ba shi sai ya zame masa cuta. Sai an ɗumama shi tukuna, sannu sannu, cikin tsumma, kusa da kwalbar ruwan ɗumi, ko jikin mutum. Makiyayin da ya taɓa tsintar ɗan akuya da aka haifa cikin daren ɗari ya san wannan.

Daga nan sai ma'auni. Ɗan mage ranar haihuwarsa giram 100 ne, ko ƙasa kaɗan, ko sama kaɗan. Ku ɗauki ƙwan kaza biyu a tafin hannu, nauyinsa ke nan. Kullum ya kamata ya ƙara giram 10 zuwa 15. Matar nan takan auna kowane ɗaya, kowace rana, lokaci guda, ta rubuta cikin kaye: suna, kwanan wata, nauyi. Ga amfanin rubutu, jama'a. Ido ba ya ganin giram 10. Ɗan da ya fara lalacewa, da ido lafiya lau yake, yana motsi, yana kuka. Kaye ne ke tona shi: shekaranjiya 130, jiya 140, yau 135. In ta ga haka ba ta jiran gobe. A wannan girma, yini guda ya isa ya tafi da shi.

Nonon da za a ba shi kuma ba na saniya ba ne. Abin gina jiki da ke cikin nonon mage ya ninka na saniya. Na saniya ba ya ƙosar da shi, kuma yakan sa shi zawo. Zawo kuwa, ga abin da bai wuce ƙwai biyu ba, ajali ne. Akwai garin madara da aka yi don ƴaƴan mage kaɗai, ana sayensa wurin likitan bisashe, da tsada. Ana dama shi da ruwan ɗumi, a zuba cikin ɗan ƙaramin bibiro. Ba a kwantar da ɗan rigingine kamar jaririn mutum. Rub da ciki ake ajiye shi, yadda yake kwanciya jikin uwarsa. In an juya shi, ko an matsa bibiron da ƙarfi, nonon yakan bi hanyar numfashi ya shiga huhu. A kwanakin farko, abin da yake sha a zama guda bai cika ƙaramin cokali ba. Shi ya sa yunwa ke dawo masa da sauri.

Akwai wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba. Ɗan mage ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai ya yi wajen sati uku. Uwar ce ke lasar ƙasan cikinsa, sannan ya yi. In babu uwa, sai mai reno ta jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ta shafa masa a hankali, duk lokacin da ya sha nono.

Yanzu ku buɗe kaye. Yini da dare awa 24 ne. Ana ba ɗan mage nono kowace awa 3. Ku raba 24 da 3. Nawa ke nan? 8. Ƴaƴan nawa ne cikin kwali? 5. To, 8 sau 5, 40. Sau 40 za ta ɗauki bibiro kafin rana ta sake fitowa. A ce kowane ɗa ya ci mata minti 10, da shayarwa da shafawa da sharewa. 40 sau 10, minti 400. Awa 6 ke nan da minti 40. Ba mu sa dama madara ba, ba mu sa wankin tsumma ba. Kuma a satin farko, masu rauni kowace awa 2 ake ba su. Ƙarfe 12 na dare ta tashi, ƙarfe 3 ta tashi, ƙarfe 6 ta tashi, ƙarfe 8 tana wurin aiki. Wasu da kwalin suke tafiya aiki, in mai gidan aikin ya yarda. Haka za ta yi sati huɗu, kafin su fara lasar abinci da kansu.

Duk wannan, uwar mage tana yin sa kyauta, tana kwance. Har ta fi, don tana ba su dakashi. Kun san dakashi: nonon farko, mai kauri, mai kare jariri daga cuta. Ɗan mage ranar farko kaɗai hanjinsa ke karɓar wannan kariya. Wanda bai samu ba, babu bibiron da zai maye masa ita. Abin takaici, da yawa cikin ƴaƴan da ake kawo ma ƙungiyoyin nan ba marayu ba ne. Uwar ta tafi farauta ne, ko tana sauya musu wuri, tana ɗaukarsu ɗaya ɗaya a baki. Mai wucewa ya gan su su kaɗai, tausayi ya kama shi, ya kwashe su. Da hannunsa ya mai da su marayu, yana tsammanin ceto ya yi. Masu wannan aiki bakinsu har ya gaji da faɗa ma mutane: ku dakata, ku ja baya, ku duba ko uwar za ta dawo.

Mu ce ƴaƴan sun rayu, sun yi sati biyar. Wahala ba ta ƙare ba, kama ta sake. Yanzu cuta ce abin tsoro. Akwai wadda Faransawa ke ce ma tifus na mage. Ba ta kama mutum, amma ga ƴaƴan mage annoba ce. Amai, zawo, kwana ɗaya ko biyu an rasa ɗa. Ƙwayar cutar tana iya shekara guda da rai cikin ɗaki, bisa shimfiɗa, cikin tasa, ƙarƙashin takalmi. Sabulu kaɗai ba ya kashe ta, sai ruwan jabel. Gidan da ta shiga, an daina kai masa ƙanana wata da watanni. Ƙungiyar da ke da gida shida, ta wayi gari da biyar, kuma tsakiyar haihuwa. Akwai allurar rigakafi, amma sai ɗan ya yi wajen sati 8 ake fara yi masa. Kafin nan, abin da ke kare shi guda ne: kada a gama sababbin zuwa da na gida sai sun yi sati biyu su kaɗai. Ku riƙe wannan maganar, za mu komo gare ta.

Ban da ita akwai mura mai liƙe ido da kwantsa, har ta makantar. Akwai makero, wanda shi yana kama mutum, balle yara. Akwai ƙuma, mai tsotse jinin ɗan mage har dasashinsa ya yi fari. Nan sai in ja kunnenku, don abin ya shafe mu. Maganin ƙuma na kare, wani irinsa yana kashe mage. Maganin ƙwari na gona, kada a kusanta mata shi. Farasitamol da muke sha don ciwon kai, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe babbar mage.

Sai kuɗi. Ganin likita kuɗi, allura kuɗi, maganin tsutsar ciki kuɗi, madara kuɗi. Aikin hana mage haihuwa sau da yawa yakan wuce Yuro 100. Yuro ɗaya dala 131 ne na kuɗinmu. Yuro 100 ke nan jika 65 da wani abu, don mage guda. Wasu likitoci sukan yi ma ƙungiyoyi ragi, wasu su ba da bashi. Ina ƙungiya ke samu? Wanda ya zo ɗaukar mage yakan biya wani abu. Masu alheri sukan ba da gudummawa. Ran Asabar masu sa kai sukan tsaya ƙofar manyan kantuna, suna roƙon masu sayayya su ƙara gwangwanin abincin mage guda cikin kayansu, su ba su. Amma ɗa guda da ya kwana uku gidan likita yana iya cinye abin da aka samu daga ƴan uwansa duka. Lokacin ƴaƴan mage yakan wuce, bashin likita bai wuce ba.

In kun tambaye ni abin da ya fi duka wuya, ba rashin barci ba ne, ba bashi ba ne. Cewa "babu wuri" ne. Waya tana ta ƙara, saƙo yana ta shigowa ta Facebook. Wannan ya tsinci huɗu bayan gareji. Wannan magensa ta haihu, ba ya so. Wani har barazana yake: in ba ku karɓa ba yau, ni na san yadda zan yi da su. Wanda ya shiga wannan aiki, don taushin zuciya ya shiga. Yaya zai ce a'a? Sai ya karɓa. Gobe ma ya karɓa. Wurin goma ya zama na ashirin da biyar. To, ku tuna sati biyun nan da na ce ku riƙe. Ɗaki ya ƙare, ina za a ware sababbin zuwa? Sai a gama su da na gida. Rana ɗaya cuta ta shigo cikin kwali, ta bi su duka, har waɗanda aka yi wata guda ana tashi dominsu tsakar dare. Mai reno ta gaji, ta daina awo, kaye ya kwana uku ba rubutu. Wanda ya karɓi ashirin da biyar yana iya ƙarewa da rayayyu ƙasa da na wanda ya tsaya a goma. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki. Ni a ganina, shugabar ƙungiyar da ke iya cewa "mun cika", ta ba mutum lambar wata ƙungiya, ta koya masa yadda zai riƙe su da kansa, ba mugunta ta yi ba. Ita ce za ku tarar tana aikin baɗi.

Kuma ko an yi komi daidai, wasu sai sun mutu. Ɗa ya sha nono da dare, da asuba an tarar ya yi laushi. Masu sa kai da yawa wannan ne ke fid da su daga aikin.

Waɗanda suka girma, sai a biɗa musu gida. Dokar Faransa ta hana a sayar ko a ba da ɗan mage kafin ya yi sati 8. Ƙungiyoyi da yawa sukan jira har sati 12. Dole kuma a sa masa shaida. Galibi wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa, likita ke sa shi ƙarƙashin fata, yana ɗauke da lamba. Tun watan Oktoba na 2022, wanda zai ɗauki mage sai ya sa hannu bisa wata takarda mai nuna ya san nauyin da zai ɗauka, kwana 7 kafin a ba shi. Tun 1 ga Janairu na 2024 kuma, an hana kantunan bisashe baje kare da mage don sayarwa. Amma kasuwa tana da halinta. Lokacin da ƴaƴan ƙungiya suka isa bayarwa, na maƙwabta ma sun isa, kuma su kyauta suke badawa. Kamar albasa ce ranar da kowa ya cire tasa. Ɗan da bai samu gida ba yana ƙarami, in ya yi wata shida masu so sun ragu. Uwar kuwa, in an kawo ta tare da su, ita ce ta ƙarshen fita.

Me ya sa kowace shekara abin ke dawowa? Ƴar mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6. Wadda aka haifa a Afirilu, kafin shekara ta ƙare ita ma tana iya zama uwa. Babba kuwa takan haihu sau biyu, wani lokaci sau uku a shekara, kowane ciki uku, huɗu ko biyar. Bibiro ba ya cim ma wannan. Shi ya sa ƙungiyoyi masu hankali, rabin ƙarfinsu wajen iyaye suke sa shi. A kama muzuru a fiɗiye shi, a kama mace likita ya yi mata aiki. Wata doka ta 6 ga Janairu na 1999 ta ba magajin gari ikon ya sa a kama magunan da ba su da mai su, a yi musu aikin, a sa musu shaida, a mai da su inda aka kama su. Don me ake mai da su? Don in an kwashe su, abincin da ya tara su yana nan, wasu za su zo su cika wurin, su haihu. Waɗanda aka yi ma aiki kuwa suna tsare wurinsu, suna kama kusu, ba su ƙaruwa. Ƙasar Beljiyam ta wuce nan. Tun shekara ta 2018, a duk faɗin ƙasar, dole ne mai mage ya kai ta a yi mata aikin, sai masu kiwo don sayarwa da ke da izini.

Kafin mu rufe, mu komo gida kaɗan. In yara sun tsinci ƴaƴan mage bayan rumbu ko cikin kango, kada a kwashe su. A barbaɗa toka kewaye da wurin, a tafi. Bayan ƴan awowi a zo a duba. In akwai sawun mage bisa tokar, uwa tana nan. Abin da za a yi mata, a ajiye ruwa da ɗan abinci nesa kaɗan. In bazara ce a yi musu inuwa, in ɗari ne a tare musu iska. In an tabbata uwar ta mutu, a tambaya cikin unguwa ko akwai mage mai shayarwa, sau da yawa takan karɓi ɗan da ba nata ba. Nonon akuya da aka tafasa ya huce, na tsai da rai ne na kwana ɗaya ko biyu, bai kai na mage ba.

A kula kuma da cizo. Mage mai ƴaƴa tana da faɗa. Faransa ta rabu da ciwon haukan kare na bisashen ƙasa tun shekara ta 2001, amma mu yana nan wurinmu, kuma ba kare kaɗai ke ɗaukarsa ba, mage ma tana ɗauka. Wanda mage ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi gidan likita ranar nan, ko da ciwon ƙarami ne.

Ga aikin gida. Unguwa guda tana da maguna mata 10. Kowace ta haihu sau 2 a shekara, kowane ciki ƴaƴa 4. Ƴaƴa nawa aka haifa? In rabinsu mata ne, mata nawa ke nan? Ku rubuta cikin kaye, ku gwada ma malaminku. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.